Raunin Mazakuta: Kafin A Sayar Da Masara A Bi Na'urar Shokwef

A ranakun kasuwa a Kwanar Dangora da ke Kiru, ko a Tudun Wada, ba a rasa motar mai maganin gargajiya da lasifika tana tallan maganin ƙarfin maza. Yanzu tallan ya koma cikin waya. A Facebook da TikTok ana yayata wata na'ura da ake kira shokwef, ana cewa tana warkar da raunin mazakuta ba ƙwaya, ba allura, ba tiyata. Ga magidancin da matsalar ke neman raba shi da iyalinsa, wannan albishir ne mai wuyar kaucewa.

Na'urar tana da asali a ilimin likitanci. A shekarar 1980 likitoci a birnin Munik na Jamus suka fara amfani da bugun igiyar sauti wajen farfasa tsakuwar ƙoda. A 2010 wani likitan mafitsara a Haifa, Yoram Vardi, ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi wa maza 20 da bugu mai sauƙin ƙarfi a kan al'aura. Hasashen shi ne bugun na zaburar da jiki ya tsiro da sababbin ƙananan jijiyoyin jini, jini ya riƙa gudana sosai.

Sai dai har yanzu hujjar ba ta nuna ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ba ta amince da na'urar a matsayin maganin wannan lalura ba. Ƙungiyar likitocin mafitsara ta ƙasar, a ƙa'idojinta na 2018, ta ajiye ta a sahun abubuwan da ake kan bincike. Takwararta ta Turai ta yarda a gwada ta, amma ga masu rauni mara tsanani da ya samo asali daga jijiyoyin jini. Bayan haka, na'urorin iri biyu ne: mai tattara bugu wuri guda, wadda akasarin bincike ya dogara a kanta, da mai watsa shi, wadda ta fi araha kuma hujjarta ta fi rauni. Mai talla ba ya bambance su.

Babban haɗarin ga mutanen Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa shi ne tsallake gwaji. Sau da yawa raunin mazakuta alama ce ta ciwon sukari ko hawan jini, kuma yakan riga ciwon zuciya bayyana da 'yan shekaru, domin jijiyoyin al'aura sun fi na zuciya ƙanƙanta, su ke fara toshewa. Manomin Doguwa da ya sayar da buhunan masara, ya keta dajin Falgore zuwa birni don zama shida ko goma sha biyu a gaban na'ura, zai iya komawa gida da sukarin da ba a auna ba yana ci gaba da cin jijiyoyinsa. Haka ma mai shan haɗin kasuwa: an sha gano sinadarin Viagra ɓoye a cikin irin waɗannan magunguna, kuma haɗuwarsa da wasu magungunan zuciya na iya faɗar da jini farat ɗaya.

Awon jini da na sukari ba su kai kuɗin mota zuwa Kano ba, kuma ana yin su a babban asibiti mafi kusa. Idan lamarin ya fi ƙarfin nan, akwai likitocin mafitsara a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Abubakar Imam. Wajibi ne kuma hukumar NAFDAC da hukumar kula da asibitoci masu zaman kansu ta jihar su bincika wace na'ura ake amfani da ita, da wanda ke riƙe da ita. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Likita ya kamata ya fara jin wannan ciwo, kafin mai talla ya ji ƙarar kuɗin.