Laifi Tudu Ne: Mu da Bincikenmu

'Yan'uwa ɗalibai, lokacin rubuta kundin kammala digiri ya sake zagayowa, kowa ya ɗauki alƙalami da rikoda zai nufi garinsu. Kafin mu watse, akwai maganar da ya wajaba mu faɗa wa juna, ko da za ta yi ɗaci.

Mun ƙware wajen sukar Turawan mulkin mallaka, kuma sun cancanci suka. Palmer, wanda ya fassara Tarihin Kano a 1908, ya zo ƙasar nan da imanin cewa baƙar fata ba ya kafa daula da kansa. Saboda haka duk inda ya ji labarin baƙo daga gabas, irin na Bayajida, sai ya rungume shi. Sai a 1970 marigayi Abdullahi Smith ya nuna yadda ƙauye ya zama gari, gari ya zama birni, sarauta ta tsiro daga cikin ƙasar. A 1974 kuma marigayi Yusufu Bala Usman, cikin kundinsa a kan Katsina a Jami'ar Ahmadu Bello, ya ƙaryata masu mai da jihadin 1804 faɗan ƙabilanci tsakanin Fulani da Haɓe. In da haka ne, ina za a kai Yakubun Bauci, wanda ya karɓi tuta alhali shi ba Bafillace ba ne?

To, amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu fa? Ɗan sarauta a cikinmu, da an ba shi tarihin garinsu, sai ya zarce fada, ya rubuto jerin sarakuna, ya manta da waɗanda suka biya jangali da haraji. Ɗan malamai ba ya yarda da abin da ba a rubuce yake da tawada ba. Wanda ya tashi a barikin ma'aikata kuwa, rahoton Razdan da ke ma'ajiyar takardun tarihi ta Kaduna ya fi masa bakin dattawa goma. Mai aƙidar juyin juya hali ya gama rubuta babin ƙarshe tun kafin ya hau mota. Mu maza kuma mukan tsaya a zaure, mu dawo mu ce mun ji ta bakin gari. Abin kunya ne a ce Baturiya, Mary Smith, ita ce ta shiga cikin gida ta zauna da Baba ta Karo, har littafin rayuwarta ya fito a 1954, alhali kakanninmu mata suna mutuwa da tarihinsu a ciki ba mu tambaye su ba.

Ba wanda ya ce mutum ya tuɓe asalinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma sanin harshe da gida gata ne da Palmer bai samu ba. Amma gatan nan yakan zama yana a ido idan ba a kula ba.

Don haka muna kira da abu uku. Kowane ɗalibi ya bayyana a gabatarwarsa ko shi wane ne, da abin da ya yi zato tun farko. Ya nemi shaidar da ta saɓa wa ra'ayinsa da ƙwazon da ya nemi mai goya masa baya. Malamanmu kuma su daina sa hannu a kundin da bai ji ta bakin talaka da mace ba.

In muka ƙi, gobe ƙannenmu za su ɗauko kundayenmu daga laburare su yi mana irin sukar da muke yi wa Palmer, kuma ba mu da bakin karewa. Allah ya sa mu gane.