Wai Zamanin Takarda Ya Wuce? A Yi Mana Sannu!

'Yan'uwa marubuta, a taronmu da ya gabata wani matashi daga cikinmu ya miƙe ya ce wai duk marubucin da ke kai rubutunsa maɗaba'a a yau asarar kuɗi kawai yake yi, domin zamanin takarda ya wuce. Aka tafa masa. Mu kam ba mu tafa ba, ba mu kuma ce uffan ba, saboda a lokacin ba mu taɓa riƙe na'urar karanta littattafan da yake ta kurantawa ba. To, yanzu mun riƙe ta. Wani tsohon ɗalibinmu da ke karatu a ƙasar waje ya aiko mana da guda, mun yi wata biyu muna karatu da ita, saboda haka bakinmu ya buɗe.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na'urar nan ta burge mu a daren farko. Ba ta kai littafin lissafin aji ɗaya nauyi ba, amma tana ɗauke da littattafan da suka fi na ɗakin karatun makarantarmu yawa. Fuskarta ba ta ƙyalli irin na wayar hannu, kai ka ce takarda ce, ko a tsakar rana ana ganin rubutu sarai. Caji ɗaya yakan kai mu makonni. Ga wanda ya haura arba'in irinmu, wanda ido ya fara yi masa gardama, ba ƙaramin daɗi ba ne mutum ya ƙara girman baƙaƙe yadda ya ga dama, ko ya ci gaba da karatu bayan an ɗauke wuta ba tare da laluben tocila ba. Duk wannan mun yarda.

Sai muka zuba mata wani labari na Hausa da wani aboki ya ba mu. Nan take ƙ da ɗ da ɓ suka koma wasu 'yan akwatuna, sai da muka sauya salon baƙaƙen kafin su fito. Wannan mai sauƙi ne. Wanda ya fi damun malami shi ne, da ka ƙara girman rubutu sai shafi ya tashi daga inda ka san shi, ba ka kuma jin kaurin abin da ya rage a hannunka na dama. Mu da muka saba cewa "ku buɗe shafi na 24, sakin layi na biyu" sai muka rasa ta cewa.

Amma ba a kan wannan muke jayayya ba. Tambayarmu ga masu tafi ita ce, wai shin ta yaya kuka zama makaranta? Ku faɗi gaskiya, littafin farko da ya hana ku barci saye kuka yi ko aro? Mu dai aro muka yi, kuma bangonsa ma ya cire kafin ya iso hannunmu. Wanda ya ga yadda In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya zaga gari bayan fitowarsa a 1991, ko littattafan Balaraba Ramat Yakubu, ya san ba yawan masu saye kaɗai ya ɗaukaka su ba. Kwafi ɗaya yakan fita daga shagon haya ya shiga ɗakin amarya, daga nan ƙanwar miji ta tafi da shi makarantar kwana, ya bi ɗaki-ɗaki a ƙarƙashin matashin kai har a yi hutu. A cikin waɗanda suka karanta shi a haka ne aka sami marubutan da ke zaune a taron nan. To, littafin da ka saya a cikin na'ura galibi a ƙulle yake da sunanka, ba ka da ikon miƙa wa maƙwabci sai dai ka ba shi na'urar ɗungurungum. Wa zai ba yaro ɗan aji biyu aron abin da albashin malami na wata guda ba lalle ya saye shi ba? Muna da ɗalibai sun fi saba'in a aji ɗaya. Na'urar nan ta wanda ya riga ya kamu da son karatu ce, kuma yake da hali. Ba ta haifar da sabon makaranci a ajinmu.

Sannan ga maganar mallaka, wadda masu tafi ba su ko taɓo ba. A 2009 kamfanin Amazon ya shiga na'urorin Kindle na mutane daga nesa ya goge littattafai biyu na George Orwell da suka saya, saboda matsalar haƙƙin mallaka, ya mayar musu da kuɗinsu. A 2019 Microsoft ya rufe shagonsa na littattafan na'ura, waɗanda mutane suka saya suka daina buɗuwa. In an ce wannan can Amurka ne, to ga na gida: Okadabooks, inda marubutan Hausa da dama suka zuba labaransu suna sayarwa, ya rufe a Nuwamba 2023. Marubucin da bai taɓa buga nasa a takarda ba, yau in ɗansa ya ce Baba nuna mini littafinka, me zai ɗauko? Alhali kuwa Ruwan Bagaja da Shaihu Umar, waɗanda aka buga tun 1934, ga su nan a kabad ɗin makarantarmu, sun yi ja amma suna karantuwa.

Za a ce ai gara na cin takarda, gobara ma na cinye ta. Haka ne, mu ma gara ta yi mana ɓarna ba sau ɗaya ba. Sai dai gara gida ɗaya take shiga, ba ta iya bin gidaje ɗari biyar a dare ɗaya ta cinye littafi guda. Za a kuma ce takarda ta yi tsada, wannan ma ba mu musa ba, mun san abin da masu ɗab'i ke cewa in an je tambayar farashi. To, wa ya ce tilas sai ka buga dubu biyar? Buga ɗari biyu. Sa shi a na'ura da waya in kana so, ba mu hana ba, mu ma za mu ci gaba da karatu da tamu in dare ya yi. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a tsaya a gaban masu tasowa a ce musu maɗaba'a ta zama tarihi, su kuwa su ɗauka.

Tun 1970 doka ta wajabta wa mai buga littafi a Nijeriya ya kai kwafi uku Ɗakin Karatu na Ƙasa, kuma mun san da yawanmu ba mu taɓa kaiwa ba. Muna kira ga shugabannin ƙungiya su sa wannan batu a ajandar taro mai zuwa, su kuma ware kabad guda a ofis inda kowane mamba zai ajiye kwafi biyu na abin da ya wallafa, ɗaya na ajiya, ɗaya na aro. Shi kuma ɗan'uwanmu da aka tafa wa, muna jiran mu ga abin da zai kawo a sa a ciki.