Ƙwaƙwalwa na son jan ƙarfe, amma ba na cikin kwalba ba

'Yan uwa ɗalibai, musamman mu 'ya'yan Hausawan Fatakwal, Anaca da Inugu. Jarabawa ta ƙarato, kasuwar masu "maganin kaifin ƙwaƙwalwa" kuma ta buɗe a hostal. Bana jan ƙarfe suke talla: ƙwayoyinsa, awarwaronsa, har da gorar shan ruwa. Ra'ayina a taƙaice: kada ku saya.

Gaskiyarsu ɗaya, ƙwaƙwalwa ba ta aiki sai da wannan sinadari. Nauyinta kusan kashi 2 cikin 100 ne na jiki, amma tana cinye kusan kashi 20 na kuzarinsa, kuma matakin ƙarshe na sarrafa kuzarin a cikin ƙwayoyin halitta sai da jan ƙarfe yake tafiya. Da shi jiki ke juya dofamin zuwa noradirenalin, mai taimaka wa mutum ya farka ya mai da hankali. Yana kuma da hannu wajen kula da rigar da ke lulluɓe jijiyoyi, kamar robar da ke jikin wayar lantarki.

To nawa ake buƙata? Nan talla ke yin shiru. Baligi na buƙatar maikirogiram 900 a rana, ko miligiram 1 bai cika ba. Duk abin da ke jikinka bai wuce wajen miligiram 100 ba. Idan jiki ya samu abin da ya ishe shi, ƙari ba ya ƙara basira ko kaɗan. Hanta ce kawai za ta sha wahalar fitar da shi, shi ya sa masana suka sa iyaka a miligiram 10 a rana.

Kuma mu da muka tashi a nan, ina ƙarancin zai fito? Iyayenmu ne ke riƙe da harkar shanu da tsire a garuruwan nan. 'Yan yankan hanta daga wajen mai tsire sun wuce buƙatar yini guda. Kashun da ake miƙo mana ta tagar mota a Ninth Mile, giram 28 ɗinsa ya kai kusan kashi biyu cikin uku. Ga wake, gyaɗa, kantun riɗi, ga okpa da ake yi da gurjiya. Matsalar ɗalibi ita ce sati biyu a kan taliyar leda da lemon kwalba, sannan ya nemi ƙwaya ta gyara masa kai.

Abin da ya fi ba ni tsoro ma wani ne daban: zink. Tun zamanin korona wasu suka mai da shi kamar alewa. Yawan zink na sa hanji ya riƙe jan ƙarfe ya hana shi shiga jini. Iyakarsa miligiram 40 ne a rana, alhali akwai ƙwayar da ke ɗauke da 50. Wanda ya yi watanni a haka zai iya fara jin ƙafafunsa suna dindiris, tafiya ta zama da tangaɗi, jini ya ragu. Jinin yakan dawo da magani, amma jijiyar da ta lalace ba kullum take warkewa gaba ɗaya ba.

Yawansa ma cuta ne. A 1912 likita Kinnier Wilson ya bayyana wata cutar gado a Ingila, wadda daga baya aka gano jan ƙarfe ne ke taruwa a hanta da ƙwaƙwalwa. Tana kama kusan mutum 1 cikin 30,000, kuma sau da yawa a shekarunmu take bayyana: rawar hannu, sarƙewar harshe, rubutu ya lalace, hali ya canja. A unguwa sai a ce aljanu ne ko shaye-shaye. Tana da magani idan an gano da wuri. In kun ga haka ga abokin ɗaki, a kai shi asibitin koyarwa, na Fatakwal ko na Ituku-Ozalla, a yi gwaji.

Gorar jan ƙarfen nan kuwa, kada a zuba mata zoɓo ko tsamiya. Tsami na narkar da ƙarfen, ƙarshenta amai da ciwon ciki a daren jarabawa.

Wani zai ce, ai sana'ar 'yan uwanmu ce, kar a toshe musu abinci. Na ji. Amma mu tuna a Fabrairun 2025 hukumar NAFDAC ta rufe kasuwar magunguna ta bakin gadar Anaca saboda jabu. Kwalbar da ba lambar rajista, ba ka san abin da ke ciki ba, shi ma mai sayarwar bai sani ba.

Kuɗin nan a guminsu iyayenmu suka turo. Ku sai wake da hanta, ku yi barci, ku buɗe littafi. Wanda yake zargin yana da ƙaranci ya ga likita kafin ya haɗiyi komai.

Allah Ya ba mu sa'a, Ya raba mu da maimaita kwas. Ku tura wa wanda kuka san ya riga ya saya.