Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: A Sabunta BIOS Kafin A Canja Furosesa

Ranar 14 ga watan Oktoba na 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da manhajar Windows 10, watau ya tsai da aika mata gyare-gyaren tsaro, in ban da ga waɗanda suka shiga wani shiri na ƙarin wa'adi. Wannan al'amari ya shafi masu shagunan buga takardu da makarantu da ƙananan ofisoshi, domin magajiyarta, Windows 11, ba kowace kwamfuta take karɓa ba. Daga cikin waɗanda aka bari a baya har da masu ɗauke da furosesa ta Ryzen zubin farko, kamar Ryzen 5 1600, waɗanda kamfanin AMD ya fitar a 2017.

To, mai irin wannan kwamfuta ta tebur yana da zaɓi biyu. Ko dai ya tara kuɗi ya sayi sabuwa sukutum, abin da ba kowa ne zai iya ba, ko kuwa ya canja furosesa kaɗai, watau ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi, ya bar sauran kayan yadda suke. Hanya ta biyu ta fi arha ƙwarai, amma akwai rami a cikinta, kuma mutane da yawa sun faɗa.

Ga yadda abin yake faruwa. Mutum zai je kasuwa ya sayo sabuwar furosesa, ya sayar da tsohuwar ya yi ciko. Ya dawo ya ɗora sabuwar, ta zauna daram a gurbinta, ya kunna. Fanka ta juya, fitilu suka kama, amma fuskar kwamfuta ta tsaya baƙi ƙirin. Daga nan sai ya koma wurin mai shago da faɗa, yana cewa an sayar masa da matacciya. Alhali kuwa furosesar lafiyarta ƙalau. Uwar allon ce ba ta san ta ba, kuma tsohuwar da za a yi amfani da ita a gabatar da su, ga shi an riga an rabu da ita.

MENE NE BIOS?

Uwar allo ita ce babban faifan nan na cikin akwatin kwamfuta wanda ake dasa kowane abu a kansa. A jikinta akwai wani ɗan guntun ma'aji wanda girmansa bai kai farce ba, a cikinsa ne aka rubuta manhajar da ake kira BIOS. Da an danna makunni, BIOS shi ne farkon farkawa. Shi zai duba wace irin furosesa aka ɗora, ya ba ta ƙarfin wutar da ya dace da ita, ya shirya ma'ajin aiki na RAM, sa'an nan ya miƙa ragama ga Windows. Kamar sarkin ƙofa yake, baƙon da sunansa ba ya cikin takardarsa ba zai wuce ba.

Sunan nan tsoho ne. Wani Ba'amurke mai suna Gary Kildall ya yi amfani da shi a manhajarsa ta CP/M tun 1975, kuma kwamfutar IBM ta 1981 ta daɗa yaɗa shi. A wancan zamani in ana son canja BIOS sai an cire guntun an sa wani. Yanzu kuwa ana iya goge abin da ke ciki a rubuta sabo, wannan shi ne sabuntawa. Tsarin da alluna na zamani ke bi sunansa UEFI, amma bakin jama'a ya saba da BIOS, har su masu ƙera allunan.

Allon da aka ƙera a 2017 bai san furosesar da aka fitar a 2020 ba, sai an koya masa. Kamfanin AMD yakan ba masu ƙera alluna, irin su Asus da Gigabyte da MSI da ASRock, wani tsari mai suna AGESA, su kuma su haɗa shi cikin BIOS na kowane allo. Saboda haka daga shafin intanet na kamfanin da ya ƙera allon ake sauko da sabon BIOS, ba daga wurin mai furosesa ba.

LABARIN GURBIN AM4

Gurbin da furosesa ke zama a jikin uwar allo shi ake kira soket. A 2016 AMD ya fito da soket mai suna AM4, mai ramuka 1,331, ya kuma yi alkawarin ci gaba da amfani da shi har 2020. Cika alkawarin bai zo da sauƙi ba. Yawancin allunan farko guntun BIOS ɗinsu megabayit 16 kawai yake ɗauka, ga shi kuwa kowace shekara ana ƙara sababbin furosesa. Da aka fitar da Ryzen 3000 a watan Yuli na 2019, sai da kamfanin MSI ya rage ƙawar hotunan BIOS na waɗansu allunansa domin a sami wuri, daga baya ya fito da alluna masu laƙabin MAX, masu megabayit 32.

A watan Mayu na 2020 AMD ya ba da sanarwa cewa furosesa masu zuwa, waɗanda aka sa wa suna Ryzen 5000, za su yi aiki ne a kan alluna ajin 500 kaɗai, ya kuma kafa hujja da ƙarancin wurin nan. Masu saye suka yi ca a kansa, kafin watan ya ƙare ya janye, ya yarda a shigar da B450 da X470. A watan Maris na 2022 kuma ya buɗe wa allunan farko ƙofa, watau A320 da B350 da X370, ta hanyar AGESA 1.2.0.7. Da haka ne allon 2017 ya sami ikon ɗaukar Ryzen 5 5600, mai zuciya shida, wadda ke cikin jerin da Windows 11 ta amince da su.

Sai dai kada a ɗauka duk furosesar da ta shiga gurbi za ta yi aiki in an sabunta BIOS. Kamfanin Intel ya fitar da zubi na takwas a 2017 a kan soket mai suna LGA 1151, sunan da na zubi na shida da na bakwai ke da shi, amma ba sa aiki a kan tsofaffin alluna ajin 100 da 200. Kazalika kwamfutocin ofis na HP da Dell da Lenovo, waɗanda ake shigowa da su na hannu, kamfanoninsu ne ke da iko da BIOS ɗinsu, kuma ba kasafai suke buɗe hanya ga sabon zubi ba. Kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa yawanci an liƙe furosesarta da dalma.

YADDA AKE AIKIN

Abu na farko, tun kafin a fid da ko kwabo, a san sunan allo sosai, harafi da lamba. Yana rubuce a jikinsa, kuma wani lokaci akwai lambar bugu a gefe, kamar 1.0 ko 1.1, wadda ita ma tilas a kula da ita. Sa'an nan a buɗe shafin kamfanin, a duba jerin furosesa da allon ke karɓa. A gaban kowace an rubuta lambar BIOS da take bukata. In ba ta cikin jerin, a haƙura.

Na biyu, a karanta bayanin da ke gefen kowane bugu. Waɗansu alluna ba a tsallaka musu daga tsohon bugu zuwa na ƙarshe, sai an bi ta wani na tsakiya. Waɗansu bugun kuma sukan cire tsofaffin furosesa domin su ba sababbi wuri, kuma ba lalle a iya komawa baya ba. Don haka kada a sabunta irin wannan sai sabuwar furosesa tana hannu.

Na uku, wanda ya kulle bayanansa da BitLocker ya nemi mabuɗinsa na ceto, mai lambobi 48, ya rubuta a takarda ya adana. Sabunta BIOS ko canja furosesa kan sa Windows ta nemi wannan mabuɗi, kuma in babu shi, takardun da ke ciki sun kulle ke nan.

Na huɗu, a zuba fayil ɗin a cikin filas da aka tsara da FAT32. A sake kunna kwamfuta, a danna Del ko F2 a shiga BIOS, a nemi abin sabuntawa. Asus na kiran nasa EZ Flash, Gigabyte Q-Flash, MSI M-Flash, ASRock kuwa Instant Flash. Duk wannan da tsohuwar furosesa a ciki ake yi. Aikin 'yan mintoci ne, kwamfutar tana iya mutuwa ta tashi da kanta fiye da sau ɗaya, kada a taɓa ta, kada a zare filas.

A nan ne babban haɗarin yake ga mutanen ƙasar nan. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, an goge tsohon BIOS, sabon bai kammala ba, allo ba zai sake tashi ba. Saboda haka ba a yin wannan aiki da wutar layi tsirara. A haɗa kwamfutar da UPS mai cikakken caji ko inbata, in kuwa janareta ne, a tabbata akwai mai kuma ba za a ɗora masa wani kaya mai nauyi ba. In tsautsayi ya auku, ba lalle allon ya zama na zubarwa ba. Waɗansu allunan Gigabyte suna da guntun BIOS biyu, ɗaya na jiran ko-ta-kwana, kuma ƙwararren mai gyara yana iya maƙala wa guntun wata ƙaramar na'ura ya sake rubuta shi. Amma rigakafi ya fi magani.

Sai an ga sabuwar lamba ta bayyana, kwamfuta ta shiga Windows lafiya, sa'an nan a kashe, a zare waya daga bango, a canja furosesa. Ƙafafun furosesar AM4 siraran allurai ne a jikinta, kuma man da ake shafawa tsakaninta da abin sanyayawa yakan bushe ya kama kamar danƙo. A bari injin ya ɗan yi ɗumi tukuna, a murɗa abin sanyayawar a hankali, kada a fizge shi ya taho da ita ƙafafu su lanƙwashe. A goge tsohon mai a shafa sabo. Bayan haka a koma BIOS a tabbata an kunna fTPM, domin Windows 11 tana bukatar tsarin tsaro na TPM 2.0.

WANDA YA RIGA YA SAYAR FA?

Shi ma yana da mafita. Alluna da yawa suna da wani maɓalli a baya wanda ke sabunta BIOS ba tare da furosesa ba. Asus na kiransa USB BIOS FlashBack, Gigabyte kuma Q-Flash Plus. Ana canja wa fayil suna yadda littafin allon ya ce, a soka filas a ƙofar da aka keɓe, a danna, a jira fitila ta gama ƙiftawa. In allon ba shi da maɓallin, sai aro. AMD da kansa ya taɓa ba masu saye aron ƙaramar furosesa a 2018 don wannan matsala, su yi aiki su mayar. Mai gyara na unguwa yana iya yin haka da wata tsohuwa da ke ajiye a shagonsa.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata mai saye ya auna. Ryzen 5 5600 ba ta fitar da hoto da kanta, sai da katin hoto, mai harafin G a ƙarshe irin su 5600G ce ke yi. Haka kuma ƙaramin allo kamar A320 bai dace a ɗora masa Ryzen 9 5950X mai zuciya 16 ba, ko da sunanta na cikin jerin, domin sashensa na raba wuta zai sha zafi.

Su kuma 'yan kasuwa, a Computer Village ta Ikeja ne ko a Kano ko Kaduna, akwai hakki a wuyansu. Allon da ya daɗe a kan kanta, ko sabo ne fil a kwali, tsohon BIOS ne a cikinsa. Gaya wa mai saye haka, ko sabunta masa a gabansa, ya fi rigimar da za ta biyo baya arha. Mai saye kuma ya riƙe tsohuwar furosesarsa har sai sabuwa ta yi kwanaki tana aiki lafiya, sa'an nan ya kai ta kasuwa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai rai.