Nebraska: Gini Ba Ya Cin Wasa

A zamanin mai horo Tom Osborne, jami'ar Nebraska ta ɗauki kambun ƙwallon Amurka a 1994, 1995 da 1997, har da ƴaƴan manoman jihar cikin ƴan wasanta. Daga 2018 kuwa, Scott Frost ya ci wasa 16, aka cinye shi 31. Ranar 11 ga Satumba 2022 aka kore shi da sallamar dalar Amurka miliyon 15. Da an jira 1 ga Oktoba, rabi za a biya. Wane ɗan kasuwa zai yafe wa yaronsa wannan ɓarna? Ga kuma ginin horo na miliyon 165! Bango ba ya gudu da ƙwallo. A nemo matasa a horar, a tuhumi masu sa hannu.