Kafson da ka sha yau, ƙodar wa zai lalata gobe?

Duk mai bin shafukan sada zumunta ya saba da irin wannan sanarwa: hoton matashi kwance a gadon asibiti, lambar asusu a ƙasa, ana neman taimakon kuɗin dashen ƙoda. Muna turawa, muna yaɗawa, wasu su ba da jika ɗaya, wasu jika goma. Dangi su sayar da gona da shanu, ƙane ko ƙanwa su ba da ƙodarsu guda. Ranar da aka ce aiki ya yi kyau sai mu cika shafi da "Alhamdulillah", mu wuce. To jama'a, wahalar ba nan take ƙarewa ba. Daga ranar ce mai sabuwar ƙoda yake shiga wani yaƙi da ƙwayar cutar da ido ba ya gani, kuma mu masu lafiya ne muke ƙara wa ƙwayar nan ƙarfi da irin shan maganin da muke yi.

Bari mu fara da yadda abin yake a jiki. Tun da aka yi dashen ƙoda na farko da ya yi nasara a birnin Boston na Amurka a 1954, babbar matsalar ita ce jiki ba ya son baƙo. Garkuwar jiki tana ɗaukar sabuwar ƙoda a matsayin abokiyar gaba. Shi ya sa wanda aka yi wa dashe yake shan magungunan danne garkuwa kamar tacrolimus da prednisolone kullum, muddin ƙodar na jikinsa. Ƙodar ta zauna lafiya, amma an rage masu gadin gida. Ƙari a kan haka, bayan aiki ana sa robar fitsari na wasu kwanaki, sau da yawa kuma ana barin wata 'yar roba a hanyar da ta haɗa ƙoda da mafitsara har makwanni. Sabuwar ƙodar ma a ƙasan ciki ake ajiye ta, kusa da mafitsara, hanyarta gajera ce. Ƙwayar cuta ba ta da nisan tafiya. Wannan ne dalilin da ya sa ciwon hanyar fitsari ya fi kowane irin kamuwa yawa ga masu dashen ƙoda, musamman a watannin farko.

Ƙwayar daga ina take fitowa? Mafi yawanci daga hanjin mutumin da kansa. Bakteriya irin su E. coli da Klebsiella suna zaune a cikin kowa, ni da kai, ba tare da sun dame mu ba. Idan suka sami hanya suka hau mafitsara, sai zafin fitsari da zazzaɓi. Ga mai cikakkiyar garkuwa, kwana kaɗan na maganin da ya dace ya wadatar. Ga mai dashe kuwa, ƙwayar tana iya hawa har cikin ƙodar da aka saya da gonar gado, ta shiga jini, ta kashe ƙodar ko ta kashe mai ita. A nan rai yana rataye ne a kan tambaya ɗaya: maganin da likita zai ba shi, har yanzu yana cin ƙwayar da ke cikinsa?

Amsar wannan tambaya a yankinmu aka auna ta, ba a Turai ba. A 2017, lokacin annobar sanƙarau, masu bincike na cibiyar Epicentre da ƙungiyar likitoci ta MSF tare da hukumomin lafiyar Nijar sun gwada raba ƙwayar ciprofloxacin guda ɗaya ga mutanen ƙauyuka a gundumar Madarunfa, gundumar da Safo take ciki. Gwajin ya rage kamuwa da sanƙarau da kusan kashi 60 cikin 100 a ƙauyukan da aka raba wa kowa. Amma da suka auna bayan gidan wasu daga cikin mutanen tun kafin a ba su maganin, sai suka tarar fiye da mutum 9 cikin 10 suna ɗauke da bakteriyar da ciprofloxacin ba ya ci. Mutanen ƙauye ne masu lafiya, suna noma suna cin kasuwa. Kuma ciprofloxacin ɗin nan yana cikin magungunan da aka fi dogaro da su a kan ciwon fitsari.

Tun kafin nan, tsakanin 2007 da 2008, an auna yaran da aka kwantar saboda tamowa a wata cibiya a Maraɗi. Kashi 31 cikin 100 sun shigo ɗauke da bakteriya mai sinadarin da likitoci ke kira ESBL, wanda yake farfasa magunguna irin su amoxicillin da ceftriaxone kafin su yi aiki. Cikin yara 16 da suka shigo ba su da ita kuma aka sake auna su, 15 sun fita da ita. Daga baya, a binciken da aka yi kan yara kusan 2,400 a cibiyoyin lafiya huɗu na gundumar Madarunfa daga 2012 zuwa 2013, an ga cewa yaran da suka sha amoxicillin na mako ɗaya sun fi waɗanda ba su sha ba ɗaukar irin wannan ƙwaya. Ku lura: magani ne mai kyau, ma'aikatan lafiya suka bayar, a kan ƙa'ida, duk da haka ya bar tabo. To ina ga kafson da ya kwana a rana kan tire, aka sha biyu aka bari?

Kada wani ya tsorata ya ce shi ke nan dukanmu marasa lafiya ne. Ɗaukar ƙwayar a hanji ba ciwo ba ne. Mutum yana iya rayuwa da ita shekaru bai sani ba. Haɗarin yana zuwa ranar da jiki ya yi rauni: mace bayan aikin haihuwa, jariri bakwaini, tsoho mai robar fitsari, mai ciwon suga, sai kuma mai dashen ƙoda wanda ya fi kowa zama a fili. Ɗan Safo ko ɗan Maraɗi da ya bi ta Ɗan Isa da Jibiya ya tafi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda aka fara dashen ƙoda tun 2002, ko wanda ya tafi Indiya ko Masar, da hanjinsa yake tafiya, da shi kuma yake dawowa. Likitan tiyata zai iya ɗinke jijiya da kyau, amma ba zai iya goge shekaru ashirin na shan kafso barkatai da aka yi a gari ba. Idan magungunan sha suka gaza, sai a koma allurai irin su meropenem, masu tsada, waɗanda sai an kwanta asibiti. Wasu magungunan ƙarshe kamar colistin da gentamicin kuma su kansu suna cutar da ƙoda. Ka ga tsaka mai wuya: a bar ƙwaya ta ci ƙodar, ko a ba da maganin da zai iya ƙarasa ta. In ƙodar ta mutu, sai a koma wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, ƙanen da ya bayar kuma ya rage da guda ɗaya a banza.

Yanzu mu dubi kanmu, mu matasa. Mura ta kama ka, ka sayi amoxicillin, alhali mura bairos ce, antibiyotik bai san ta ba. Ciki ya ɗan murɗa, Flagyl da kafso ja da rawaya. Ita kuwa kalmar "ciwon sanyi" ta zama buhun da ake zuba komai: ciwon baya, ƙaiƙayi, kasala, rashin haihuwa, duk sanyi ne, kuma kowane mai talla a TikTok ko a tasha yana da haɗinsa. Mai kaji ya zuba tetracycline a ruwan kaji don su yi saurin girma. Kowace ƙwaya da aka sha ba bisa buƙata ba tana kashe raunanan bakteriya ta bar masu taurin kai su hayayyafa, har ma su riƙa miƙa wa junansu dabarar kamar yadda muke tura saƙo a WhatsApp. Daga nan sai bayan gida a fili, ruwan da ba a tace ba da hannun da ba a wanke ba su kai su gidan maƙwabci. Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin, ya yi wannan gargaɗi tun 1945: shan maganin da bai kai ƙima ba horar da ƙwaya yake yi.

Na san abin da wani zai ce: "Kai malam, talaka da ba shi da kuɗin ganin likita, me kake so ya yi?" Maganarsa gaskiya ce. Wanda ya je CSI ya tarar da layi, ya biya kuɗin kati, aka rubuta masa ordonans ɗin da ta fi ƙarfin aljihunsa, ba wauta ce ta kai shi wurin mai tire ba. Kuma a ƙasarmu yara da yawa suna mutuwa ne saboda ba su sami antibiyotik a kan lokaci ba. Don haka ba hana magani muke nema ba. Muna neman ya kai ga mai buƙatarsa, a daina zubar da shi ga wanda ba ya buƙata. Wannan nauyi ne na hukuma kafin ya zama na talaka.

Abin da ya kamata mu tambayi hukumomin lafiya a fili yake. Asibitin gunduma nawa ne za a iya shuka fitsari a labo a gano sunan ƙwayar da maganin da ke cinta, awon da ake kira antibiyogram, kuma nawa ne kuɗinsa? Idan babu shi, likita ma canki-canka yake yi. Me ya sa ba a buga sakamakon irin wannan awo duk shekara don ma'aikacin lafiya na Safo ya san maganin da ya daina aiki a yankinsa? Wa yake duba abin da ke shigowa ta iyaka? Ina ruwa da sabulu da makewayi a cibiyoyin lafiya? Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa bakteriya masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a. A watan Satumban 2024 ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya sun yi alƙawarin rage mace-macen da ke da alaƙa da wannan matsala da kashi 10 cikin 100 kafin 2030. Alƙawari kaya ne, haƙƙinmu ne mu tambayi inda aka kwana.

Mu ma muna da namu. Kada ka sha antibiyotik sai ma'aikacin lafiya ya rubuta, kuma ka sha yadda ya faɗa, ba ranar da ka ji sauƙi ka ajiye ba. Kada ka ba aboki ragowar naka. Idan zafin fitsari yana tafiya yana dawowa, nemi a yi awo kafin a canza maka kafso na uku. Idan kuma akwai mai dashen ƙoda a gidanku, zazzaɓi kaɗan gare shi maganar asibiti ce a ranar, ba maganar mai tire ba, kuma duk wanda zai ba shi magani sai ya san an yi masa dashe, domin wasu magungunan suna rikita aikin tacrolimus.

Mun iya tara kuɗin dashe cikin mako biyu, wannan abin alfahari ne. Sai dai taimakon da ya fi wannan araha shi ne mu bar wa marar lafiyar maganin da zai yi masa aiki idan ya dawo gida. Daga 18 zuwa 24 ga Nuwamba ake makon faɗakarwa kan wannan matsala a duniya. Kada mu jira shi. Ku kai maganar fada, ku kai ta majalisar unguwa da gidajen rediyo, ku tura wa wannan abokin da kullum aljihunsa ba ya rabo da kafso. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.