Ra'ayinmu: A Daina Mayar da Iyayenmu Mata Daga Bakin Ƙofa

'Yan'uwa, sau da yawa idan aka kawo fom ɗin koyon sana'a ko na tallafin jari a Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa, abin da ake fara dubawa shi ne shekarar haihuwa. Shirin N-Power da gwamnatin tarayya ta ɓullo da shi a 2016 ya tsaya ne a kan masu shekara 18 zuwa 35, kuma shirye-shirye da dama da wannan mudun suke awo.

Ba mu ƙi a taimaki matasa ba, ai 'ya'yanmu ne. Amma a dubi wadda take ciyar da su. Mace mai shekara 50 da mijinta ya rasu, ga marayu ga jikoki, ita ke suyar ƙuli-ƙuli, ta matse man gyaɗa, ta kai kasuwa. Injina sun karɓe aikin da take yi da hannu, ranar da za a koyar da sarrafa injin kuma sai a ce ta tsufa. Namiji tsaranta ko ba komai yana da 'yar gona, ko ya samu aikin gadi. Ita kuwa tun tana yarinya ba a sa ta boko ba, takardar haihuwa babu, yanzu kuma an ce rajista sai ta intanet, a wayar da ba ta da ita.

Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila, asali, jinsi, addini ko ra'ayin siyasa. Mu da muke tsiraru a wannan yanki mun san darajar wannan sashe. Sai dai bai ambaci shekaru ba, ta nan ɓarakar take. A 2023 Majalisar Dattawa ta yi kira da a daina sa iyakar shekaru a tallan neman ma'aikata, amma ƙuduri ne kawai, bai zama doka ba.

Abin mamaki, gwamnatin tarayya da kanta ta yi doka a 2022 da ta ɗaga shekarun ritayar malaman makaranta daga 60 zuwa 65. In malami mai shekara 64 zai iya riƙe aji, me zai hana mai shekara 50 koyon ɗinki ko kiwon kaji?

Don haka muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomin nan huɗu da kansilolinsu da su ware wa mata masu manyan shekaru gurabe a duk horon da ya biyo ta hannunsu. A karɓi shaidar mai unguwa ko dagaci a madadin takardar haihuwa, a kuma yarda a cike fom da biro. Mu ma a ikilisiyoyinmu, idan aka aiko neman sunaye, kada sakatare ya tsaya a kan ƙungiyar matasa kaɗai. Ya fara zama da shugabannin zumuntar mata kafin ya miƙa takarda.